Yatsu Uku da Ƙarya Ɗaya

'Yan'uwa masu bin wannan shafi, labarin yau ni kaina raina a ɓace na rubuta shi. Ku karanta har ƙarshe.

Akwai wani kafinta da abokan aikinsa ke kira Sannu-Sannu. Ba ragwanci ya jawo masa sunan ba. Mutum ne da zai auna katako sau uku kafin ya sa masa zarto. In ka ce ya yi sauri, sai ya ce maka katakon da aka yanka ba ya komawa yadda yake. Kujerar da ya haɗa kuwa, sai dai jikokinka su gaji da ita su bayar.

A shagon yayan matarsa yake aiki. Babban shago ne mai rufin kwano, da injina huɗu da ma'aikata wajen goma. Yayan matar dattijo ne a cocinsu. Shi ke zama a bencin gaba, shi ake kira ya yi addu'ar rufewa. A shago Maigida ake ce masa, a coci Dattijo. Sannu-Sannu kuwa Yaya yake ce masa, kamar yadda matarsa ke kiransa.

Akwai abu ɗaya da ya kamata ku sani tun yanzu. Sannu-Sannu ya taɓa zama mashayi, irin wanda ake ɗaukowa daga bakin kwata. Ranar da matarsa ta haifi 'yan biyu mata, ya je asibiti yana warin giya, nas ta hana shi ɗaukar jariran. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallonsu daga nesa kamar baƙo. Daga ranar ya tuba, bai sake kai kwalba bakinsa ba. Shekara bakwai ke nan. Duk coci an san wannan, don a gaban jama'a ya ba da shaidarsa.

To, a shagon akwai babban injin yanka katako, mai faifan zarto da ke juyawa a tsakiyar tebur. Murfin ƙarfen da ke rufe haƙoransa ya karye. Sannu-Sannu ya sami Maigida a ofis.

"Yaya, zarton nan tsirara yake. Wata rana zai ci mutum."

"Kai dai tsoro ya yi maka yawa. Bari mu gama aikin da ke gabanmu."

Aka gama wannan aikin, wani ya shigo. Ya sake faɗa. Ya sake faɗa na uku. A na ukun Maigida ko ɗago kai bai yi daga wayarsa ba, ya ce, "In ka gaji da aikin ne ka gaya mini."

Ranar wata Alhamis da safe, Sannu-Sannu yana tura wani katako mai ƙulli a ciki. Haƙoran zarto suka kama ƙullin, katakon ya yi tsalle, ya fizgi hannunsa gaba. Bai ma ji zafi ba da farko. Gani kawai ya yi dusar katakon da ke ƙasa ta koma ja. Yatsu uku na hannun dama suka tafi. Aka bar masa babban yatsa da ɗan ƙaramin.

Wani tsoho mai fenti a shagon ne ya cire rigarsa ya ɗaure hannun, ya tare mota, ya kai shi asibiti.

Yana kwance a can aka turo masu binciken hatsari su duba shagon. Ku ji abin da Dattijon coci ya yi. Ya aro murfi a wani shago, ya ɗaura wa injin na kwana biyu. Da suka tambaye shi yadda aka yi mutum ya yanke a injin da ke da kariya, sai ya sunkuyar da kai kamar mai jin kunya, ya ce, "Surukina ne, ba na son in tona masa asiri. Amma ya koma shan giya. A buge ya zo aiki ranar."

Ma'aikata goma suna tsaye. Babu wanda ya ce uffan. Kowa na tsoron bakin abincinsa. Masu bincike suka rubuta suka tafi. Washegari aka kwance murfin aka mayar wa mai shi.

Sannu-Sannu bai san an yi haka ba, sai da wata mata daga coci ta zo gaishe shi. Ta zauna a gefen gado, ta yi ajiyar zuciya.

"Ayya, ɗan'uwa. Shaiɗan ba shi da kunya. Bayan shekara bakwai a ce ya sake kayar da kai. Amma kada ka fid da rai, muna ta yi maka addu'a ka rabu da ita gaba ɗaya."

"In rabu da me, Mama?"

"Da giyar mana. Ai Dattijo da kansa ya sa mu addu'ar ranar Lahadi. Har da hawayensa."

Ya dube ta. Ya dubi hannunsa da ke naɗe da bandeji. Ya ce da ita ta tashi ta fita. Ta fita tana girgiza kai, ta je ta ba da labarin cewa giya ta taɓa masa har hankali.

Naka shi ke ba da kai, in ji masu magana.

Matarsa, wadda kowa ke kira Maman Biyu, ba ta jira an sallame shi ba. Ta je gidan yayanta ta same shi a falo yana shan shayi.

"Yaya, ka dubi idona ka ce mini mijina ya sha."

"Ke yarinya ce, ba ki san yadda duniya take ba. Da na faɗi gaskiya rufe shagon za su yi. Mutum goma ke ci a wurin nan. Shi kuma ai an riga an san shi da sha, me zai ragu a jikinsa?"

"Sunansa zai ragu. Shi kaɗai ya rage masa."

"Suna ake ci? Ki je, zan riƙa aiko muku da abinci."

Ta ce, "Nono ɗaya muka sha da kai, amma yau ban san ka ba." Ta fita ba ta rufe masa ƙofar ba.

Aka sallami Sannu-Sannu ya dawo gida. Ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida, keken ɗinkin matarsa a bakin taga. Mutumin da ke haɗa kabad ba tare da ƙusa ta leƙo ba, yanzu maɓallin rigarsa ya gagare shi. Cokali ya riƙa suɓucewa daga hannunsa. 'Yan biyu suka riƙa rige-rigen ɗauko masa, shi kuma ya daka musu tsawa su bar shi.

Bayan mako guda Fasto ya zo. Ya zauna, ya yi addu'a, ya fara magana a hankali a kan haƙuri da gafara. Ya ce Kirista ba ya riƙe mutum a zuciya. Ya ce a bar wa Allah.

Sannu-Sannu ya bari ya gama, sannan ya ce, "Fasto, ka je wurinsa?"

"Wurin wa?"

"Wurin Dattijonka. Ka tambaye shi ko gaskiya ya faɗa?"

Fasto ya gyara zama. "Ka san maganar iyali ce, ga shi kuma babba ne a ikilisiya. Ba na son a raba kan jama'a."

"To ni ne ƙarami, shi ya sa aka zo wurina. Kullum haka kuke yi. Wanda aka taka shi ake bi har gida a ce ya yi haƙuri, wanda ya yi takun kuma a miƙa masa makirufo ya rufe taro da addu'a. Ka ce in yafe. In yafe me? Ai a wurinku bai yi komai ba, ni ne mashayi. Ka fara gaya mini laifin da ya yi, da bakinka, sai mu yi maganar yafewa."

Fasto ya miƙe. Ya ɗauki Littafinsa ya tafi. Daga ranar Sannu-Sannu ya daina zuwa coci.

Maigida ya cika alkawarinsa, ya aiko da buhun shinkafa. Direba ya ajiye a tsakar gida. Sannu-Sannu ya ja buhun da hannun hagu har bakin titi, ya farke shi da wuƙa, ya shure shi. Shinkafa ta watse cikin ƙasa. Ya ce wa direban, "Ka gaya masa yatsuna ba na sayarwa ba ne."

Da ya shiga ciki, Maman Biyu ta fito da tsintsiya da faranti. Ita da 'yan biyu suka durƙusa a bakin titi suna tsince abin da zai tsintu, maƙwabta na kallo. Ita ta san abin da ya rage a tukunya, shi bai sani ba.

Haka aka yi wata huɗu. Gidan ya zama kamar an ajiye garwashi a tsakiyarsa, kowa na kewayewa. In ya tashi da safe, maganar Yaya. In an zuba abinci, maganar Yaya. Yana zaune shi kaɗai za ka ji yana gardama da mutumin da ba ya nan. Yaran da suke hawa kafaɗarsa in ya dawo aiki, yanzu in sun ji tarinsa sai su shige bayan keken ɗinki.

Wata rana ya ji ana neman mai duba aiki a wani shagon kujeru. Aiki ne na ido da kai, ba na hannu ba. Ya sa rigarsa mai kyau ya je. Mai shagon ya san shi, ya san aikinsa. Ya tarbe shi da fara'a, sannan ya ce, "Gwani, ba don hannunka ba ne. Amma mun ji abin da ya faru. Injina gare mu, ba za mu iya ɗaukar mai sha ba."

Ya fito ya tsaya a bakin titi, rana tsaka. Ya ce a ransa, tunda an riga an ba ni sunan, bari in ci amfaninsa.

Ya shiga mashaya. Ya sha kwalba ta farko a tsaye. Ta biyu ya zauna. Bai san adadin sauran ba.

Daidai lokacin da yara suke dawowa daga makaranta ya iso gida yana tangaɗi. Ya ci tuntuɓe da dokin ƙofa ya faɗi, ya yi amai a jikin rigar tasa mai kyau. 'Yan biyu suna tsaye da jakunkunansu a baya. Ba su taɓa ganin ubansu haka ba. Ɗaya ta ce, "Mama, Baba ya mutu ne?"

Maman Biyu ta kai su gidan maƙwabciya. Ta dawo ta ja shi zuwa bayan gida, ta cire masa rigar, ta kwara masa bokitin ruwa. Ta sa sabulu ta wanke masa fuska da gemu da ƙirji. Tana wankewa tana kuka, haƙoranta a cije. Da ta zo kan hannun da ya yanke sai ta sassauta, ta wanke shi a hankali, ta goge.

Da safe ya farka ya same ta zaune a bakin gado. Ba ta ɗaga murya ba.

"Wata huɗu ina faɗa da duk wanda ya ce ka sha. Na rabu da yayana saboda kai. Na yi cacar baki da matan coci a kasuwa. Yaya ya rubuta maka ƙarya, kai kuma jiya ka ɗauki biro ka sa masa hannu a ƙasa."

Ya buɗe baki zai ce ai Yaya ne ya jawo.

"Kada ka kira mini sunansa. Shi ya ci maka yatsu uku, na yarda. Amma ba shi ya sa 'ya'yanka suke ɓuya in sun ji motsinka ba. Ba shi ya zuba maka giya a baki ba. Yana can yana barcinsa lafiya, kai ka ɗauko shi ka zaunar mana a gida, muna ci da shi muna kwana da shi. Na gaji."

Sannu-Sannu ya sauko daga gadon ya durƙusa a gabanta. Wannan ne karo na farko tun hatsarin da ya yi maganar laifin da ba na wani ba. Ya ce, "Na ci amanarki. Na ci amanar yaran nan. Ki yafe mini."

Ta ce, "Na yafe. Amma kada ka ɗauka da sauƙi ta fito. Ji nake kamar naƙuda. Ba don ka cancanta ba ne, don ni ma an yafe mini abin da ban cancanta ba."

Ya ce, "Allah fa? Na yi masa alkawari a gaban jama'a. Da wane ido zan koma?"

"Da wannan idon naka da ya kumbura. Maganar Allah ta nuna mana cewa wanda ya buɗe baki ya faɗi laifinsa, ba yafe masa kawai ake yi ba, har wanke shi ake yi. Ni jiya fatarka kawai na iya wankewa. Abin da ke ciki sai Shi."

Ta fita ta ja masa ƙofa.

Addu'ar da ya yi ranar ba irin ta bencin gaba ba ce. Da faɗa ya fara. Ya tambayi Allah ina yake ranar Alhamis ɗin nan. Ya tambaye shi me ya sa maƙaryaci ke ƙiba, mai gaskiya na ramewa. Ya faɗi duk abin da ke cikinsa har muryarsa ta dushe. Da faɗan ya ƙare, abin da ya rage kaɗan ne. Ya ce, "Ya Ubangiji Yesu, na ƙazantu. Ka wanke ni. Ba ni da wani wurin zuwa."

Bai ga haske ba, bai ji murya ba. Amma ya tashi ya je ya ɗauko 'ya'yansa daga gidan maƙwabciya da kansa, ya ba su haƙuri ɗaya bayan ɗaya.

A makon ne, don ya gaji da zubar da abinci a jikinsa, ya samo guntun katako ya sassaƙa wa cokalinsa mariƙi mai kauri, da gurbin babban yatsa da na ƙaramin. Kwana uku ya yi a kai da hannun hagu. Da ya je asibiti a duba masa hannu, cokalin na cikin aljihun rigarsa. Nas ɗin da ke koya masa motsa hannun ta gani, ta karɓa, ta juya shi.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni."

"Ina da mutum shida da ba sa iya ci da kansu. Wani shanyewar ɓarin jiki, wani ƙuna. Za ka iya auna hannun kowa ka yi masa nasa?"

Ranar da ta yi wannan tambayar, abin da ya rage a gidan bai kai na kwana biyu ba, ɗinki kuma ya yi wuya. Maman Biyu da ta ji, ta ce bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abin sawa.

Daga cokali aka koma sandar dogarawa. Daga nan kujerar yaron da ba ya iya zama da kansa, sai teburin cin abinci a kan gado. Manyan shaguna ba sa karɓar irin wannan aikin, sun ce ɓata lokaci ne. Shi kuwa ya san yadda hannu ke ji in abu ya gagare shi. Ya kafa ɗan benci a tsakar gida. In aikin ya buƙaci hannu biyu, matarsa ta taso daga keke ta danne masa katakon. Ba su yi arziki ba. Amma tukunya ba ta sake kwana a kife ba, kuma ba daga hannun Yaya abincin ya fito ba.

Ya koma addu'a, ya koma wasa da yaransa. Sai dai ko sunan surukinsa aka ambata, jijiyar wuyansa sai ta tashi.

Wata safiya tsohon nan mai fenti ya yi sallama. Ya ƙi zama. Ya tsaya yana murza hularsa a hannu.

"Na zo ne in gaya maka, har yau injin nan babu murfi. An sa wani sabon ma'aikaci a kai, mai mata da jariri. Jiya zarton ya kama masa hannun riga, da ƙyar ya fizge."

Sannu-Sannu ya ajiye abin da yake yi. Ya ɗauki guduma. Maman Biyu ta sha gabansa, ya kewaye ta ya fita.

Ya shiga shagon injina na ta ruri. Ya wuce kai tsaye ya kashe babban makunnin wuta. Wurin ya yi tsit. Maigida ya fito daga ofis tare da wasu baƙi biyu da suka zo ba da aiki.

"Yaya, sau uku na gaya maka zarton nan zai ci mutum. Ya ci ni. Ka aro murfi ka rufe idon masu bincike, ka ce a buge nake. Yanzu kuma ka sa ɗan wani a bakinsa. Yatsu nawa kake so kafin ka ƙoshi?"

Maigida ya dubi baƙinsa ya yi murmushi. "Ku yi haƙuri, surukina ne. Yau ma ka sha ne?"

Gudumar ta ɗagu sama. Tsakaninsu bai fi taku biyu ba. Duk wanda ke wurin ya ga fuskar Maigida ta canza. Sannu-Sannu ya ce daga baya, abin da ya tsayar da shi ba tausayi ba ne. Tunawa ya yi da kansa kwance cikin amai, da hannun da ya wanke shi.

Ya sauke gudumar a kan teburin injin.

"Na sha. Sau ɗaya, wata huɗu bayan ka faɗa. Wannan laifina ne, na kai shi gaban Allah da gaban matata. Amma ranar da hannuna ya tafi ban sha ba. Ka sani, na sani, mutanen nan ma sun sani."

Sai aka ji muryar tsoho mai fenti daga baya. "Bai sha ba. Ni na ɗauke shi a jikina har asibiti. Na yi shiru ranar, shirun nan ya hana ni sakewa." Wani ma ya ce haka ne. Sabon ma'aikacin ya cire safar hannunsa ya matsa daga injin. Baƙin nan biyu suka dubi juna suka fita.

Sannu-Sannu ya ciro abin awo daga aljihu, ya auna faifan zarton, ya auna teburin, ya tafi.

Kwana huɗu ya yi yana haɗa murfi da katako mai tauri da farantin ƙarfe. Yana yi yana huci. Maman Biyu ta ce, "Wa kake yi wa wannan?" Ya ce, "Ni ma ban sani ba. Danne mini nan."

Rana ta biyar ya kai shagon ya ɗaura da kansa. Ya kunna injin, ya gwada, ya kashe. Sannan ya shiga ofis. Maigida na zaune shi kaɗai, ya rame a kwana biyar.

"Yaya, na yafe maka. Ba ka roƙa ba, kuma ba na jin daɗin faɗa. Har yanzu in na gan ka zuciyata tafasa take. Amma an yafe mini da yawa, ba ni da bakin riƙe naka. Ba zan dawo aiki a nan ba, ba kuma zan taɓa cewa abin da ka yi daidai ne ba. Hukuncinka dai na cire hannuna a kai. Tsakaninka da Allah."

Maigida ko na gode bai ce ba.

A hanyar gida Sannu-Sannu ya lura yana jin yunwa, irin yunwar da ya manta da ita tun kafin asibiti. Ya sayi burodi ya ci a tsaye a bakin titi.

Maganar ta riga ta bazu. Fasto da kansa ya zo gidan, ya ce ya yi kuskure da ya ji tsoron mutum fiye da gaskiya, ya kuma ce ya je wurin Dattijon. Ranar Lahadi ta uku bayan haka Sannu-Sannu ya koma coci da iyalinsa, suka zauna a bencin ƙarshe.

Kafin a tashi, Fasto ya ce Dattijo yana da magana. Ya fito ya tsaya. Wannan karon bai karɓi makirufo ba. Kansa a ƙasa, ya yi wata 'yar magana da ko na bencin gaba ba su ji sosai ba.

Daga can baya aka ji murya.

"Ba mu ji ba, Yaya. Ranar da ka sa a yi mini addu'ar giya, har waje an ji ka."

Dattijo ya miƙa hannu ya karɓi makirufo. Ya ce, "Ƙarya na yi wa surukina. Bai sha ba. Injina ne ba shi da murfi, ya gaya mini sau uku na ƙi ji. Na ci masa hannu, na ci masa suna. Zan je in faɗa wa masu binciken ma. Ban cancanci bencin nan ba."

Sannu-Sannu ya tashi. Ya tako tun daga baya har gaba, a hankali, yadda ya saba yin komai. Ya tsaya a gaban surukinsa ya miƙa masa hannun dama, mai yatsu biyu. Dattijo ya dube shi, ya kama shi da hannu biyu, ya durƙusa a gabansa. Da wannan hannun Sannu-Sannu ya ɗago shi.

Darasi: Yafewa ba ita ce a ce ba a yi maka laifi ba, ba kuma ita ce rufe gaskiya don kare babba ba. Ka faɗi gaskiya, ka hana a cuci wani, amma ka bar wa Allah hukunci, don fushin da ka riƙe gidanka zai fara ci kafin ya kai ga wanda ya cuce ka. Ka kai ƙazantarka wurin Ubangiji, shi ne mai wankewa, kuma shi ne mai ciyarwa ta ƙofar da ba ka zata ba. Ku kuma masu zuwa ba da haƙuri, ku fara biyawa ta gidan wanda ya yi laifin. In ka san wani da ke ɗauke da irin wannan ciwo a zuciya, tura masa labarin nan yau.